Ƙeyar Malam Na-Gane

A duk kwalejin babu ɗalibin da zai iya siffanta maka fuskar jami'in ba da shawara, amma ƙeyarsa kowa ya haddace ta. Ƙeya ce mai ninki, da ɗan sanƙo a samanta da ke ƙyalli idan rana ta shigo. Ita ɗalibai ke kai wa kukansu, domin mai ita ya juya kujerarsa tana kallon taga, ya bai wa ƙofa baya. Ya ce a wani taron bita ya koyo dabarar, wai ɗalibi mai kunya ya fi sakin baki idan ba a kallon idonsa. Wataƙila haka ne. Sai dai a taron an kuma ce a saurari ɗalibin, kuma da alama lokacin da aka zo wannan wurin Malam ya fita shan shayi.

Na-Gane suke kiransa a bayan ido, don kalmar ke nan da yake tare bakin mutum da ita. Da can malamin aji ne, yana koyar da labarin ƙasa. Ɗalibai suka yi ta ƙorafin cewa ba ya karɓar tambaya, in ka ɗaga hannu sai ya amsa abin da ba ka tambaya ba. Hukumar kwaleji ta rasa yadda za ta yi da shi, sai ta tura shi ofishin da babu mai so, can ƙarshen baranda kusa da ɗakin ajiye karyayyun kujeru. Shi kuwa ya ɗauka ƙarin girma ne. Ya sayo tukunyar fure ya ajiye a bakin taga, ya kunna tsohuwar fankar da ke ƙara kamar injin niƙa, ya fara gyara rayuwar 'ya'yan mutane.

Aikinsa ba wuya. Ɗalibi zai yi sallama ya zauna, ya ce, "Malam, dama..." Sai ƙeyar ta gyaɗa.

"Na gane, na gane. Tun daga takunka na san abin da ya kawo ka."

Daga nan sai ruwan nasiha: ka tashi da wuri, ka rage danna waya, ka guji abokan banza, ka riƙa shan ruwa. Wanda abokin ɗakinsa ke sa masa takalmi ba izini an ce masa ya tashi da wuri. Wadda hannunta ke rawa a ɗakin jarrabawa har ta kasa riƙe biro an ce mata ta guji abokan banza. Wani da idonsa ya daina hango allo ya fito da umarnin shan ruwa. Idan mace ce kuma takunta ya yi sanyi, to hukunci ɗaya ne, saurayi ne. Ɗalibai su yi godiya su fita da matsalarsu yadda suka shigo da ita, shi kuma ya kalli furensa cike da jin daɗi, yana mamakin baiwar da aka yi masa.

Babbar 'yarsa tana karatu a wannan kwalejin, a sashen harhaɗa magunguna. Shi ya zaɓa mata, ranar da ta fara cewa, "Baba, ni dai abin da nake so..." ya ce ya gane. Yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, ba kuma malalaciya ba. Lissafin sinadarai ne kawai ya ƙi shiga kanta, ta yi ta fama har ta rame. Ta faɗi jarrabawa an yi mata gargaɗi, ta sake faɗuwa. Dokar kwalejin kuwa a fili take, wanda ya kai wannan matsayi korarsa ake yi, sai fa idan ya koma wani sashe kafin kwamitin jarrabawa ya zauna. Komawar kuma ba ta yiwuwa sai jami'in ba da shawara ya je da kansa ya yi wa shugaban sashe bayani. Ƙofar da ta rage mata ke nan, kuma ubanta ne ke zaune a bakinta ya juya baya.

Ta gwada faɗa masa a gida. Ta durƙusa gefen kujerarsa ta ce, "Baba, karatun nan..." Ya ce ya gane, gajiya ce, kowane ɗalibi na yin ta, ta rage danna waya. Uwar ta gwada nata, ita da ta daɗe da daina ƙarasa zance a gidan. "Malam, yarinyar nan fa..." Ya ce ya lura tun kafin ita, ramar karatu ce, alamar mai ƙoƙari.

Uwar ce ta kawo shawarar ƙarshe, suna wanke-wanke a kicin.

"Ki same shi a ofis. Can dai aikinsa ke nan, dole ya saurare ki. Kada ki ce masa Baba, ki shiga kamar kowace ɗaliba."

Haka ta yi. Ana gab da zaman kwamiti ta bi barandar nan, ta yi sallama da muryar da ta dusashe saboda kuka, fanka ta cinye rabinta. Ta zauna. Ga ƙeyar da ta sani tun tana ƙarama, ga yatsunsa suna tsinke busassun ganyen fure.

"Malam, dama..."

"Na gane, 'yata, na gane," in ji shi, don haka yake kiran kowace ɗaliba. "Wannan takun ba na mai matsalar karatu ba ne. Saurayi ne, ko ba haka ba? Kin ga kin yi shiru. Iyayenki sun turo ki neman ilimi kin ɓuge da soyayya. Ki ji tsoron ranar da ubanki zai ji. Ni ina da 'ya a makarantar nan, sa'arki, ko ɗaga kai ba ta yi ta kalli namiji. Harhaɗa magunguna take karanta. Ki nemi irinta ki yi koyi."

Kalma ɗaya ce za ta juyo da kujerar nan, kuma tana kan harshenta. Amma yarinyar da ta tashi a gidan da ba a katse uba, aka kuma jefe ta da wannan zance, ina za ta samo bakin? Ta zauna har ya iso kan shan ruwa, ta ce ta gode, ta ja masa ƙofa a hankali.

Da yamma suna cin abinci Malam ya kawo labarin da kansa, yana fara'a.

"Yau wata ta zo mini, ko baki ba ta buɗe ba na gano ta. Saurayi! Na wanke ta tas, ta fita jiki a sanyaye. Wasu iyayen dai ba su san abin da 'ya'yansu ke ciki ba."

Uwar ta ajiye cokali. 'Yar ta ci gaba da tauna lomarta.

Kwamiti ya zauna, ya yi abin da doka ta ce. A baranda shugaban sashe ya tare Malam, yana jajanta masa, yana kuma mamaki. Ya ce sun yi ta jiran ya zo kan maganar yarinyar, har sun yi magana da sashen koyon aikin malanta, akwai gurbi, kalma ɗaya kawai ake nema daga bakinsa. Da bai zo ba sai suka ɗauka ya zaɓi kada a ce ya yi wa 'yarsa alfarma. Malam ya tsaya baki buɗe. Karon farko ke nan a tarihin kwalejin da wani ya yi masa magana har ƙarshe.

Ya dawo gida a fusace, ya tarar da ita a falo tana ninke fararen rigunan ɗakin gwaji tana sawa a jaka, uwar na tsaye a bakin kicin.

"Ofishina yana nan a buɗe kullum! 'Ya'yan wasu na zuwa suna amfana, ke me ya hana ki zuwa?"

Ta ɗago ta kalle shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Na zo, Baba. Ni ce mai saurayin."

Ya nemi kujera ya zauna. Gumi ya tsatso a sanƙonsa, kuma a gaskiya abin ya buge shi, don yana son yarinyar nan iyakar yadda irinsa ke iya son wani. Muryarsa ta yi ƙasa.

"To me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Tambaya ce ta gaske, ta farko da ya taɓa yi mata. Uwar ta matso. Yarinyar ta ajiye rigar da ke hannunta, ta ja numfashi, ta buɗe baki.

"Baba, tun ranar da..."

"Na gane," in ji Malam, yana gyaɗa kai. "Na gane. Kunya ce."

Ta rufe bakinta, ta ɗauki rigar ta ci gaba da ninkewa.