Gwangwanayen Kawu a Jirgin Ruwa

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasar nan, duk saurayin da ke yankinmu na Sabuwa ƙafarsa ƙaiƙayi take yi. Da an gama girbi sai ka ga an watse, wasu Kaduna, wasu Ikko. Ni ma na bi kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya riga ya yi rani uku yana gadi a bakin tashar jiragen ruwa ta Ikko. Ina da aure a lokacin har da 'ya ɗaya, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba, don ni kaɗai ne a gidanmu na yi firamare.

Kawu bai taɓa zama a aji ba. Abin da aka san shi da shi a gida shi ne tsaron gona. Gonarsa tana bakin daji, inda birai ke yi wa masara ɓarna, amma tasa ba sa samun ko zangarniya. Yakan kewaye ta da igiya, ya rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, ya hau rumfarsa da majajjawa a hannu. Tun muna yara yake gaya mana yadda birai ke yi: biyu ko uku za su fito ta gabas suna tsalle suna ihu, kana can kana jifansu, sauran garken sun shigo ta yamma a ɓoye.

Shekarar da na je, jiragen siminti sun cika teku ba masaka tsinke. Jirgi sai ya yi watanni a tsakiyar ruwa yana jiran layi. Nan 'yan fashin teku suka samu abin yi. Sukan zo da kwalekwale mai inji, su cilla ƙugiya da igiya, su hau jirgi da adduna, su kwashe abin da suka samu, wanda ya yi gardama su sare shi.

Ana cikin haka wani jirgin fasinja ya iso, fari tas, cike da Turawa 'yan yawon buɗe ido, yawancinsu tsofaffi. Bai samu wurin tsayawa a tasha ba, dole ya jira a waje. Sai aka nemi masu gadi shida, kawu ne shugaba, ni kuma tafinta, saboda ɗan turancina da ko kasuwa ba zai kai mutum ba.

Ni da babban ruwan da na sani shi ne rafin bayan garinmu, kwana biyu na yi ina amai. Kawu kuwa ko a jikinsa. Ranar farko ya zagaya jirgin sau biyu, hannu a baya, kamar mai duba gonar da zai saya. Daga nan ya sa na roƙo masa igiya da duk gwangwanayen madara da na kifi da aka zubar a kicin. Ya kwance jakar fatarsa, ashe tsakuwa ya cika ta da ita tun daga tudu. Kafin la'asar ya kewaye ƙarafan gefen jirgin da igiya, gwangwanaye na reto, yadda duk abin da ya kama ƙarfen sai sun yi ƙara.

Kyaftin ɗin jirgin ya zo ya tsaya yana kallo, ya tambaye ni mene ne wannan. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na ce masa ado ne irin na ƙasarmu. Ya yi dariya ya wuce.

“Mi ka ce mashi?” in ji kawu.

“Na ce kana aikinka, Kawu.”

“To madalla.”

Ni aka ba gadin bayan jirgi. Kawu ya kai ni wurin da kansa, ya dafa kafaɗata ya ce, “Nan ne gonarka. Ko mi ka ji, ko mi ka gani can gaba, kada ka ɗaga. In hayaniya ta tashi gabas, kai yamma za ka duba.” Na ce to, a raina ina cewa tsohon nan har yanzu ji yake a Sabuwa muke.

A wurin nawa akwai inuwa, kuma kullum da hantsi wani Bature yakan turo mahaifiyarsa a keken guragu ya ajiye ta nan ta sha iska. Tsohuwa ce tukuf, da sarƙar zinariya a wuya. Ita ta lura da halin da nake ciki, ta riƙa kawo min lemon tsami in tsotsa, da shi aman ya tsaya. Na koya mata “sannu”, ta riƙe, ko atishawa na yi sai ta ce min sannu. Ɗan nata in zai tafi yakan nuna ta ya nuna ni, ni kuma in bugi ƙirji. Amana ce aka bar min, kuma na karɓa.

Rana ta biyar, da hantsi, kwalekwale biyu suka zo ta gaban jirgi da ayaba da abarba, har da mai ganga. Fasinjoji suka taru suna ɗaukar hoto. Can sai ihu ya tashi, wai kwalekwale ɗaya ya kife, mutum na nutsewa. Ma'aikatan jirgi suka ruga da igiyoyi, masu gadi huɗu suka bi su. Na dubi tsohuwa tana gyangyaɗi, na dubi ruwan bayan jirgi ban ga komai ba. Na ce bari in leƙa in dawo, ai ba daɗewa zan yi ba.

A hanya muka yi kiciɓis da kawu. Kowa na gudu gaba, shi kaɗai yana gudu baya, majajjawa a hannu. Ko kallona bai yi ba. Kafin in gane abin da ke faruwa, sai na ji gwangwanayen bayan jirgi sun ɗauki ƙara gaba ɗaya.

Wallahi har yau in na ji ƙarar gwangwani da tsakuwa sai gabana ya faɗi.

Na juya da gudu. Da na iso, ƙugiya biyu na maƙale a ƙarfe. Mutum ɗaya ya riga ya diro, adda a hannun dama, hagunsa a wuyan tsohuwa yana jan sarƙa, ita kuma ta riƙe gam ta ƙi saki. Na biyu kansa ya fara bayyana. Kawu ya kaɗa majajjawa sau ɗaya ya saki, dutsen ya sami na biyun a hannu, sai ƙarar faɗuwarsa ruwa muka ji. Na farkon ya ɗaga adda zai sauke wa tsohuwa a hannu. Babu lokacin sake ɗora dutse. Kawu ya yi kabbara ya miƙa hannunsa na hagu ya tare.

Ni kuma, mai firamare, abin da na iya shi ne ihu. Amma ihun ya yi rana, don shi ya jawo ma'aikata da mesar kashe gobara. Ɗan fashin ya ga taro ya faɗa ruwa, aka bi kwalekwalensu da ruwan mesa har suka gudu. Wanda ake cewa yana nutsewa a gaba kuwa, tuni ya haye ɗaya kwalekwalen nasu lafiya lau. Tsohuwa ko ƙwarzane ba ta samu ba. Kawu ya rasa yatsu biyu.

Bayan likitan jirgi ya ɗaure masa hannu, kyaftin ya tara mu. Fuskarsa ba annuri. Ya ce yana son ya san wanda aka ba bayan jirgi, don ranar zai sauke shi. Ku duba wannan hali: ni ne mai laifi, kuma ni zan fassara tambayar. Na fassara.

Kawu ba ya ƙarya, kowa ya sani. Na sadaƙar cewa tawa ta ƙare, zan koma gida da sunan wanda ya ci amana. Sai ya ce, “Gaya mashi jirgin ga ni anka ba tsaro, ni kuma na raba wa mutanena. In da tambaya, ni za a yi wa. Shi ya duba mutanenshi, akwai wanda ya ɓata?”

Na fassara ba ragi ba ƙari. Kyaftin ya daɗe yana kallon hannun kawu, sannan ya cire hularsa. Washegari na ga ma'aikatansa da kansu suna ƙara gwangwanaye a igiya. Ranar da za mu sauka, tsohuwa ta sa aka tura ta gaban kawu, ta kama hannun mai bandeji da nata biyun, tana hawaye tana ta maimaita kalmar Hausa ɗaya da ta sani.

Kawu ya dawo gida ya koyi riƙe fartanya da yatsu uku. Mutanen gari sun san ɓarayin teku ne suka sare shi, amma ba wanda ya taɓa jin inda nake a lokacin, har mahaifiyata ta rasu ba ta sani ba. Sai bayan shekaru, muna zaune a rumfar gonarsa, na samu ƙarfin halin neman gafara. Ya yi dariya ya ce, “Kai mutum ka tahi ceto, ai ba mugun abu ba ne. Laihinka guda, ka raina birai.”

Kwanakin baya jikana ya nuna min a waya yadda ake tsare manyan jiragen yawon buɗe ido yanzu: waya mai ƙaya, kyamarori, mesa mai ƙarfin gaske, da na'urar da ke hango kwalekwale tun daga nesa. Na yaba ƙwarai. Amma na tambaye shi ko a cikin kayan nan akwai wanda zai hana mai gadi barin wurinsa in ihu ya tashi a ɗaya gefen. Ya ce bai gani ba.

Gonar kawu yanzu ba mai iya zuwa, waɗanda ke fitowa daga dajin ba birai ba ne. Shi kuma Allah ya yi masa rasuwa tun kafin wannan zamani. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da na zo kan hannun hagu sai na kasa ci gaba, na riƙe shi ina kuka, har liman ya ce in yi haƙuri, kowa ya san kawuna ne. Bai san yatsun nan biyu a wurin gadina suka faɗi ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta.