Takin da na haɗa a Tudun Wada

Shekarar da muka baro Kucheri muka kama ɗaki a Tudun Wada ta Gusau, maigidana ya zama kamar ba shi ba. Mutumin da asuba ke yi masa a bakin gona, sai ga shi zaune ƙofar gida yana kallon masu kabu-kabu. 'Yan bindiga suka kore mu, gonar kuwa tana can, ba mai taka ta.

Ni ba mai yawo ba ce, ko kasuwa aike nake yi. Maƙwabciyata ce ta ja ni makarantar firamaren unguwa, wai gwamnati ta ware kuɗi a koya wa mata yadda ake mayar da shara taki. Na ce da ita, shara kuma sai an koya mini? Amma na je. Malamar 'yar Bungudu ce, mai barkwanci. Ta ce leda da roba a ware wa masu saye, ragowar tuwo da toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa kuwa a jera su cikin rami, a yayyafa ruwa, a rufe. Aka raba mana cebur da bokiti. Ta ce mu soka sanda a tsakiya. In ta fito da zafi, bai nuna ba. Ran da ta fito da sanyi, taki ya yi.

Na haƙa nawa a bayan ɗaki. Maigidan ya fara da yi mini dariya.

"Uwar yara, yanzu juji kika kawo muna cikin gida?"

"Malam, jujin gwamnati ne, ka yi masa ladabi."

Sai ga shi ya karɓe cebur yana juya mini. Wata rana ya damƙi takin ya sansana, sannan ya ce, "Wanga taki ba na bayan ɗaki ba ne. In ya nuna, gona zan kai shi."

Hanyar nan ta Tsafe, kowa ya san wani da aka sace a kanta. Na roƙe shi, na sa ƙanensa ya roƙe shi. Ya ce shi ba kwana zai yi ba, watsawa kawai zai yi kafin ruwa ya sauka.

Daga nan sandar nan ta zame mini abin tsoro. Kullum da safe in zaro ta in taɓa, in na ji ɗumi sai in yi hamdala. Matan ajinmu suna murna nasu ya huce, ni ina addu'a nawa ya daɗe. Har na tambayi malamar ko akwai takin da ba ya nuna. Ta yi dariya ta ce, "Inna, naki ma ya fi na kowa kyau." Ban iya gaya mata dalili ba.

Ran da sandar ta fito da sanyi, yana tsaye a kaina. Washegari ya ɗura buhuna, aka ɗaure a babur, ya tafi.

Yinin nan ban ɗora tukunya ba. Wayarsa ba ta shiga. Duk babur da ya tsaya a layi sai in leƙa. La'asar ta wuce, rana ta yi ja, sannan ya shigo, buhunan a naɗe a hammata. Ya nemi ruwa.

Sai da ya huta ya ce sun same shi yana watsawa, su biyu, da bindigogi a rataye. Ɗaya ya farke buhu da wuƙa, ya murza takin a hannu, ya tambaye shi wa ya haɗa. Ya ce musu iyalinsa.

"Mi suka ce, Malam?"

"Cewa suka yi ta iya. In shuka, za su zo gani in dawa ta nuna."

Na tashi na ɗora tukunya.

Ruwa ya sauka bayan 'yan kwanaki. Ina jin sa yana juyi a shimfiɗa, amma bai ɗauki iri ba, bai koma ba. Da damina ta yi nisa wani ɗan garinmu ya zo gaisuwa, ya ce ciyawar gonarmu ta kai ƙirjin mutum, duk yankin babu irinta. Maigidan ya ce, "Allah ya sa dabbobi su amfana," ya tashi ya ɗauki buta.