Baba da Wazirin Rumawa

Bayan Baba ya yi ritaya sai ya zo mana Madina, ni da maigidana muka ba shi ƙaramin ɗaki a gidanmu na unguwar Bani Harisa. Shekara talatin ya yi yana rubuta wa gwamnati wasiƙu da jawabai, ta soja da ta farar hula, amma ba ya son a tuna masa. Daga Harami sai ɗaki, yana kwafe tsoffin takardun ajami na kakansa da tawadarsu ta dusashe.

Wata la'asar na kai masa shayi, ya ce in zauna. Ya ba ni labarin wani Kirista, wazirin Rumawa a ƙarshen zamaninsu. Sarki ya sa aka kashe wani babban malami da ke masa aiki, aka ba wazirin kujerarsa, ya karɓa. Da mulkin ya rushe ya koma garinsu a bakin teku, ya gina wa masu ibada gida, ya sa su kwafar littattafai har ya haura shekara casa'in.

"Yabonsa ake yi," in ji Baba. "Amma ban ga inda ya yi maganar kisan nan ba."

Na ce, "Baba, ina ruwanka da shi?"

Ya ajiye kofin. Sannan ya ce amininsa, wanda muke kira Kawu muna yara, a tsare ya mutu bayan juyin mulki. Ofishinsa aka ba Baba. Shi ya rubuta sanarwar cewa ciwo ne ya kashe shi, alhali ya ga gawar, ya san ba ciwo ba ne.

A kan cinyar Kawu na koyi Fatiha.

Da muka ji ɗan Kawu ya zo umra, Baba ya matsa sai da muka kai shi Bi'ir Ali, miƙatin mutanen Madina. Muka tarar ya ɗaura harami, motarsu na shirin tashi. Baba ya riƙe hannunsa ya faɗa masa komai.

"Alhaji, ai mun sani," in ji ɗan Kawu. "Mama ta daɗe tana jiran ka zo. Bara ta rasu."

Ya zare hannunsa a hankali ya shiga mota. Da muka kusa gida, Baba ya roƙi maigidana ya nema masa tikitin komawa ƙasarmu.