Dawa ko Shinkafa a Gonar Inna

Shekarar da na gama sakandare a Gwandu ita ce shekarar da muka koma Diggi, ni da Inna, bayan rasuwar Baba. Inna tana da gonar gado a can, amma tun tana amarya yayanta ke noma ta. Da ta nemi abinta, Kawu bai ce a'a ba, bai kuma ce to ba. Ya ce mu riƙe ta damina ɗaya. In mun fitar da abin kirki, ta zauna a hannunmu. In mun ɓata ta, ya karɓe ya ci gaba da aiko wa Inna rabonta kamar da. Na buɗe baki zan tambaye shi tun yaushe ake jarraba mutum a kan kayansa, Inna ta taka mini ƙafa.

Gonar siririya ce mai gangara, ba tudu ba, ba fadama ba. In damina ta yi ruwa, gulbi ya hau ta, dawa ta ruɓe, shinkafa ta yi. In aka yi fari, shinkafa ta ƙone, dawa ta yi. A ɗaki muna da iri biyu: dawa a tulu, shinkafa shanshera, wato wadda ba a surfe ba, a ɗan buhu bayan ƙofa. Inna ta ce tunda ni na yi boko, in zaɓa. Har yau ban tuna a wane darasi aka koya mana wannan ba. Na yi tunanin mu raba gonar biyu, amma in an raba, kusan kowace irin damina aka yi sai an rasa rabi, kuma ba wanda ya san ko rabi abin kirki ne a idon Kawu.

Ana cikin haka wata malama ta zo daga jami'a a Kalgo, tana bincike kan yadda manoma ke zaɓar abin shuka alhali ba su san yadda damina za ta kasance ba. Mutuniyar gabas ce, Hausarta irin ta rediyo, tsofaffin garinmu kuwa suka ce ba sa kama zancenta. Sai aka nemo ni in riƙa raka ta gidajen mata, ina fassara Hausa zuwa Hausa. Na yi murna. Na ce ga wadda za ta raba mini gardama.

Kayan aikinta jaka biyu ne da tsakuwoyi da kwalin sabulu. Jaka ta farko, ko wace tsakuwa ka zaro, sabulu ɗaya ne naka. Ta biyun, in ka zaro fara ka samu uku, in baƙa ce ka tashi hannu wofi. Kai ke zaɓar jakar da za ka sa hannu. Ta ce da haka ake gane mai gudun asara da mai kasada. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko wannan ba caca ba ce. Malama ta yi bayani mai tsawo cewa ba wanda ya zuba komai nasa, saboda haka ba caca ba ce. Na fassara. Tsohuwar ta ce ta ji, amma ita a ba ta sabulunta ɗaya ba sai ta sa hannu a jakar kowa ba. Malama ta rubuta ta cikin masu gudun asara. Ni dai na ga kamar tsoron Allah ne, amma ban tabbata ba, watakila duk biyun ne.

Bayan wasan sai ta yi tambayoyi kan ƙasar gona, da bakunan da ake ciyarwa a gida, da yadda mutum ke zaton ruwan bana. Duk ta zuba a kwamfuta. Na yi haƙuri na 'yan kwanaki, wanda a wurina abu ne babba, sannan wata rana muna hutawa a gindin dogonyaro na ce mata:

"Malama, tambayi abin nan, dawa zan shuka ko shinkafa?"

Ta ce ba aikinsa ba ke nan. Shi ba ya faɗin abin da ya kamata a shuka, abin da yake hasashe shi ne abin da mutum irina zai fi yiwuwa ya shuka.

"To ya faɗa mini abin da zan shuka mana, tunda ya sani ni ban sani ba."

Ta yi dariya, ta miƙo mini jakunkunan. Na tuna fuskar Kawu, na sa hannu a jakar sabulu ɗaya. Kwamfuta ta ce mai hali irin nawa, da gona irin tamu, dawa ta fi shukawa. Na ji ba daɗi, don na san ni ba matsoraciya ba ce. Da la'asar na ce a sake. Na sa hannu a ɗaya jakar, na zaro baƙa, na rasa sabulun, kwamfuta ta ce shinkafa. Na ce to wace ce ni a cikin biyun? Malama ta ce ita ma abin da take son sani ke nan, kuma ba ni kaɗai nake haka ba. Ban ga ta yi ƙarya ba. Amma na koma gida da tambayata yadda na fita da ita, har da ƙari.

Na tambayi duk wanda na samu. Masunta suka ce bana ruwa zai yi yawa. Wani makiyayi da ke kawo mana nono ya ce shi bai ga alama ba. Rediyo ya faɗi wani abu da kowane ɓangare ya ce nasa ya gaskata. In na tashi da safe dawa, kafin azahar shinkafa.

Ruwan shuka ya sauka ina Kalgo, na raka Malama. A mota na yanke: shinkafa a gangare, dawa a sama, Kawu ya kira shi rabi ko ya kira shi abin da ya ga dama. Na shigo gida da saurina na duba bayan ƙofa. Buhun na nan, amma abin da ya rage a ciki ko cikin kwano bai kai ba.

Ashe Kawu ya biyo ta gidanmu da rana shi da abokan tafiyarsa, sun dawo daga gaisuwar mutuwa. Inna ta rasa abin da za ta fita kunya da shi, ta juye shansherar a turmi ta surfe, ta tuƙa musu tuwon shinkafa da miyar kifi. Na ce mata iri ne fa.

"Ke ɗiya, yayana ya zo gidana, mi zan ba shi? Tsakuwar malamarki?"

Washegari muka shuka dawa tun daga sama har gangare.

Na ba Malama labari, na tambaye ta ina kwamfutarta ta ajiye baƙi masu yunwa. Ba ta ji haushi ba. Ta ce a ƙarshen lissafin akwai gurbi da ake barin duk abin da ba a iya aunawa ba. Ta kuma ce a wurinta an rubuta ni cikin masu shuka dawa, kamar yadda hasashen farko ya nuna. Wato ya yi daidai, amma ba ta hanyar da ya bi ba. Na kwana biyu ina juya wannan, na bari.

Daminar ba ta yi wa kowa gaskiya ba. Ruwa ya hau gangaren ya tsaya, dawar wurin ta yi rawaya ta kwanta. Ta sama kuwa ta yi kai mai nauyi. Da kaka Kawu ya zo dubawa. Ya bi gonar daga sama yana murza zangarniya, har ya iso inda ƙafarsa ta fara nutsewa. Ya tsaya yana kallon ruɓaɓɓen kara.

"Mi ya hana ku sa shinkafa nan ƙasa? Ko yaro ya san wurin shinkafa ne."

Inna ta miƙo ƙafa, na matsa gefe.

"Kai ka cinye ta, Kawu. Da miyar kifi. Har ƙari aka yi maka."

Ya dubi Inna, Inna ta dubi kara. Ya gyara hularsa. Daga baya ya ce tuwon dai ya yi daɗi, kuma ba za a ƙirga bana ba, mu sake riƙe gonar wata damina a gani. Bai ce ta zama tamu ba. Bayan kwana kaɗan ya aiko da ɗan buhun shanshera, na ɗaure bakinsa da igiya na rataye shi can saman ɗaki inda hannun Inna ba ya kai.

Tulun dawa yana ƙasa, buhun yana sama. Masunta sun fara cewa baɗi fari za a yi.