Zuwan Hassi na Uku

Har in koma ga Allah ba na mance wata Laraba cikin damina, lokacin ina leburiya a ƙaramin asibitinmu na Gwandu. Aikina shara, wankin kwalabe da kiran suna. Sai da na yi jikoki na shiga ajin manya, to da na iya karanta kati sai kaina ya kumbura.

Ran nan wata Bafulatana daga Dalijan, Dije, ta kawo ɗiyarta Hassi, jiki rau da zafi. Na duba kati, zuwa na uku ke nan a daminar. Gaban matan da ke layi na ce, "Ke Dije, ga shi a rubuce. Zubar da maganin kike yi ko kaji kike ba?"

Dije ta miƙe. Ta goya ɗiyarta ta fice, ko jini ba a ɗiba ba.

Akwai Dakta Rabi, mai bincike, tana zuwa daga Kalgo auna jinin yara. Ashe ta ji ni, ta ja ni ɗakin gwaji ta rufe ƙofa.

"Inna Kulu, riga nawa gare ki?"

"Mi ya kawo zancen rigunana?"

"Ƙwayar zazzaɓin nan ta fi ki. Kusan sittin gare ta, amma ɗaya take sawa, sauran ta kulle a adaka. Da jiki ya gane wagga ya taso mata, sai ta mayar ta ciro wata. Abin da ke buɗe adakar da kulle ta muke nema cikin jinin yara. Magani ya kashe ta farko, sauro ya kawo sabuwa, jikin yarinya bai san rigarta ba. Ina laifin Dije? Zafin nan in ya hau kai, Hassi ba ta kai jibi."

Na ce, "Munafuka!"

"Wa?"

"Ƙwayar. Ni kuma jaka."

Na hau kabu-kabu har Dalijan, na iske ana jiƙa wa Hassi sassaƙe. Na durƙusa da wannan ruɓaɓɓiyar gwiwa tawa, na ba Dije labarin riguna. Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Ke da karatunki." Amma ta jawo zanen goyo.

Kwana uku Hassi ta yi a gadon asibiti, ta tashi. Allah ya saka wa Dakta, ta rufa mini asiri, ba ta kai ni gaban oga ba.

Ku sababbin ma'aikata, kati yawan zuwa kawai yake faɗi. Uwar da ta dawo sau uku, kujera za ku ba ta.