Gyaɗa Ɗaya a Cikin Hula

Duk Asabar bayan La'asar muke haɗuwa a falona a Badarawa, mu biyar, mu yi wasan labari. Ni ke jan labarin, su huɗun kuma fatake ne da za su ratsa daji da kaya. Inda gardama ta taso sai a jefa ɗan ludo ya raba. Matata takan ce ƙattin ma'aikatan gwamnati sun rasa aikin yi.

Ni na ƙirƙiro dokar infoma, har ina taƙama da ita. Za a zuba wake uku da gyaɗa ɗaya a hula, kowa ya zara ya nuna mini ni kaɗai. Mai gyaɗa shi ne idon 'yan fashi. In ayari ya zaɓi hanya, mai gyaɗar kuma ya sosa kunne, to ya sayar da su ke nan, sai in girke musu kwanton ɓauna.

Ranar da abokinmu na Mando ya dawo wasa, na so a jingine dokar. Bai daɗe da kuɓuta daga hannun masu garkuwa ba, kuma kowa ya san na kusa ne ya ba da shi, ba a dai san ko wane ne ba. Da ƙyar muka lallashe shi ya fito daga gida, ina tsoron kada mu sake kora shi ciki. Shi ya dage a yi yadda aka saba. Ya buɗe mini tafin hannunsa, sai ga gyaɗa.

Na yi ta kwana-kwana da labarin, na sako musu ruwan sama, na gurgunta jaki, duk don kada su kai mararraba. Suka kai. Yana zuba wa na kusa da shi shayi, yana dariya, ya sosa kunne. An zargi kowa ban da shi, wa ma zai iya? Ayarin ya ƙare ƙaf.

Da na tona asirin, suka hau tafi suna yi masa kirari. Shi ko murmushi bai yi ba. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, har ni.

"Ashe babu wuya," in ji shi. "Zama kawai za ka yi cikin mutane, ana shan shayi."

Na raka shi bakin titi ina ta surutu marar kan gado. Da na ce in biyo in ɗauke shi Asabar mai zuwa, sai ya ce in bar shi, daga yau ba zai ƙara faɗa wa kowa ranar da zai fita ba.