Sarkin Baka da Kwana na Sha Takwas

Daga Allah muka fito, kuma wurinSa za mu koma gaba ɗayanmu. Ranar Laraba, tara ga wannan wata, da hantsi, ina tsaye ina duba tiren ƙwai, uwargidan Malam ta kira ni ta ce ya cika. Kwana biyu kacal ya yi a asibiti da ciwon ƙirji. Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne tsohon malamin lissafin da ya rubuta manhajar da ke tafiyar da injinan ƙyanƙyasata guda shida, wanda ma'aikatana ke kira Sarkin Baka. Bai taɓa harbin ko kurciya ba. Bakan rubutu yake ƙirgawa, da yatsa a kan gilashin kwamfuta, wanda aka buɗe da wanda aka rufe.

Malam, ni ba mai rubutu ba ne, ka sani. Sakandare na gama da ƙyar, na fara sana'a da inji ɗaya na katako da fitilar kananzir, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Shekara bakwai da suka wuce ka shigo ɗakin injina da jakarka mai tsinkakken hannu, ka tarar ina yi wa ma'aikaci faɗa saboda ya murɗa maɓallin zafi. Ka ce za ka sa wa kowane inji ƙaramar na'ura, a cikinta wani ɗan yaren kwamfuta mai suna Lua, ta riƙa karɓar umarni daga manhajar kamfanin da muke sayen ma'aunai a wurinsa. Na ce da wane yare kamfanin zai yi mata magana? Ka ce JSON. Na ce ɗan wane gari ne? Ka yi dariya har sai da ka dafa bango.

Ba ka raina ni ba. Ka jawo kwalayen ƙwai uku ka zuba ƙarami cikin babba, ka ce haka saƙon yake zuwa, akwati cikin akwati. Babban akwati shi ne gona, a cikinsa jerin injina, a cikin kowane inji akwai suna da abin da sunan ke riƙe da shi: zafi kaza, laima kaza, juyin ƙwai eh ko a'a. Baka mai lanƙwasa akwati ne mai sunaye, baka mai kusurwa jeri ne. Aikin rubutunka shi ne ya kwance saƙon ya jera shi a tebur, yadda inji zai kira suna a miƙo masa amsa. A zama ɗaya na gane, kuma na daɗe ina yi wa abokan sana'a burga da shi.

Abin da ka fi nanata mini shi ne babu kala uku ce. Akwai babu ta sifili. Akwai babu ta wanda ya zo ya ce bai sani ba. Akwai kuma babu ta sunan da bai zo ba sam. Ka ce inji wawa ne, in ba a gaya masa ba duk ɗaya zai ɗauke su, ya kashe wuta ƙwai su sandare. Shi ya sa ka rubuta masa doka: in ka nemi suna ka rasa, riƙe umarnin jiya, ka kaɗa ƙararrawa. Dokar nan ta ceci ƙwai dubu uku a shekara ta biyu, ranar da saƙo ya zo da rabi. Cikin masu kawo mini ƙwai ƙyanƙyasa, matar da ta fi kowa yawan ƙwai a ciki ta kawo maka zakara, ka karɓa ka ba mai gadi.

Haka kake. Mai gadin nan kai ka zauna da shi a benci wata huɗu har ya iya karanta saƙon waya da kansa. Da 'yata ta faɗi lissafi sau biyu na ce ta haƙura, kai ka ce a ba ka ita hutu ɗaya, yau tana aikin jinya. Ba ka taɓa shiga ɗakin injina ba tare da ka cire takalmi ba, ko da kuwa ina ƙyale baƙi su shiga da nasu.

Sau uku ka ce mini, "Mai Ƙwai, a samo wani ya zauna kusa da ni ya ga yadda abin yake. Ni ba ƙarfe ba ne." Na ce sirrin gonata ba zai fita waje ba, ni da kai mun isa. Ka ce, "To ai kai kwalaye ka iya." Na ji haushi, muka bar maganar. Ni ne kuma na sa aka cire maɓallan hannu da farantan ruwa daga injinan, don kar wani ya sake taɓa mini su. Ka ce a bar ko na inji ɗaya, na ƙi.

Ga inda nake yanzu, Malam. Kamfanin ya sanar tun watan jiya cewa daga Litinin, ashirin da ɗaya ga wata, zai sauya tsarin saƙonsa. Zafi da laima da juyi za su koma cikin wani sabon akwati mai suna yanayi, hawa ɗaya ƙasa da inda suke. Ka ce aikin yini ɗaya ne, ka fara, ciwo ya kwantar da kai. Ranar Litinin rubutunka zai nemi sunayen a inda ya saba, ya rasa, ya riƙe umarnin jiya kamar yadda ka koya masa. Kwana biyu hakan ba zai yi illa ba. Amma ranar Laraba ƙwan da muka zuba tare ranar biyar ga wata za su cika kwana sha takwas, ranar da dole juyi ya tsaya, laima ta hau. Inji huɗu ne, ƙwai dubu tara da ɗari shida, kuma ba nawa ba ne. Na masu kiwo arba'in da ɗaya ne, yawancinsu mata, kowace ta rubuta alamarta da fensir a kan ɓawo. In injin ya ci gaba da juyawa a bushe, 'yan tsakin a cikin ɓawo za su mutu. Zan iya cire wayar juyi, amma laima sai dai in yi ta da kintace, kuma na san abin da kintace ya yi mini a zamanin fitila: kashi ɗaya cikin uku nake zubarwa.

Na gwada. Uwargidanka, Allah Ya saka mata, ta ba ni kwamfutarka da littafinka tun kafin a share makoki. Na sami inda ka tsaya, na ƙara sunan sabon akwatin a layuka uku, na ƙirga baka da yatsa yadda kake yi, na gwada da samfurin sabon saƙon a inji na shida da babu komai a ciki. Ƙararrawa ta kaɗa. Na sake, ta sake kaɗawa. Ban san wace babu ce daga cikin ukun ba. Kamfanin ya ce saƙo ne nasu, na'urar tamu ce, kuma gaskiyarsu. Jiya mata biyu sun zo yi mini gaisuwarka, ɗaya ta tambaya ko maganar ranar Laraba tana nan, na ce tana nan, na kasa kallon idonta.

Yau Juma'a. Shekara talatin ban roƙi kowa komai a sana'ar nan ba, amma yau ina roƙo. Duk wanda ya karanta wannan, ya iya Lua, ya san yadda ake kwance JSON mai hawa-hawa, ko tsohon ɗalibin Malam ne ko baƙo, ya zo kafin Litinin. Ƙofar ɗakin injina a buɗe take, littafin yana kan tebur, ba abin da zan ɓoye, kuma zan zauna a gefe in yi shiru.

Allah Ya gafarta maka, Malam, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa ilimin da ka raba ya bi ka. Ka yafe mini taurin kaina. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka da 'ya'yanka huɗu da ƙannenka da ɗalibanka. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya tsare muku bayansa, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.